Minjiryar Maigida

Bayan ruwan madatsar Tiga ya ci garinmu, maigidana ya koma kamun kifi, sai ciwon baya ya sa shi gaba. Daga ƙugu yake tasowa, ya sauka har dunduniya. Mutumin da ba a raba shi da sahun farko ran Juma'a, sai ga shi ko ruku'u ba ya iyawa. Wannan ya fi ciwon cin ransa.

Wani tsohon soja daga garin Ƙofa ne ya ja mana. Ya ce a Turai likitoci kan tsaga bayan mutum su binne waya kusa da jijiya, lantarki ya riƙa tsikarinta har ciwon ya lafa. Maigida ya ce, "Lantarki? Ai muna da shi a ruwa."

Washegari ya shigo da minjirya, kifin nan mai jan mutum, ya sake ta a kwatarniyar wankina. Ya yi bisimilla ya tsoma ƙafa. Ihun da ya kurma, kajina sai da suka haura katanga! Amma wallahi ya miƙe sambal, ran nan da ƙafarsa ya je masallaci.

Haka aka yi ta yi kullum da safe. Ni ce mai sauya mata ruwa, ni ce mai tono mata tana. To, ashe minjirya sai ranta ya ɓaci take ja, ita kuwa 'yar banzar ta ƙoshi, ta yi ƙiba, ta saba da shi. In ya sa ƙafa sai ta zo tana goga jiki kamar kyanwa.

"Ke, ɓata mata rai mana!" in ji shi.

Na buga kwatarniya da muciya. Na hana ta abinci. Ni, uwar 'ya'ya, na durƙusa ina zagin kifi har iyayensa. Da na tsokane ta da yatsa, ni ta ja, hannuna ya wuni a sage. Shi kuwa ko gezau.

Wata Juma'a ya kasa tashi daga tabarma. Haushi ya turnuƙe ni, na ɗauko wuƙa, na ce yau miya za ta zama, gobe a kamo mai zuciya.

Ya riƙe min zane. "Bar ta. Don ta ƙi cutar da ni za ki yanka ta?"

Muna jin liman ya ta da salla daga nesa. Ya juya gabas a zaune ya yi kabbara, hawaye na bin gemunsa. Na ajiye wuƙar, na fita tonon tana ina kuka.