Hannun hagun Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Sana'arsa buga takardu a wani ɗan shago a Gusau. Da tafireta ya fara, har kwamfuta ta zo. Da wuyan hannunsa ya soma ciwo, sai ya samo wani kibod a kayan gwanjo, wanda ban taɓa ganin irinsa wurin kowa ba. Rabe yake gida biyu, kowane gefe da rami kamar ƙoƙo, hannu ya kwanta ciki, manyan yatsu kuma da nasu madannan daban. Duk wanda ya shigo shagon sai ya yi masa dariya. Kawu bai taɓa kulawa ba, yana bugawa yana hira da mutane, ba ya ko duban hannunsa, har haruffan da ke kan madannan suka goge.

Kibod ɗin ya riga mai shi kwantawa. Wata damina tsawa ta ƙona ƙwaƙwalwar kibod ɗin, aka jefa shi saman kabad. Bayan nan ne hawan jini ya kayar da Kawu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, aka mayar da shi gida Bunguɗu. Hankalinsa yana nan daram, idonsa ya isa shaida, amma in ya buɗe baki ba mai gane abin da yake faɗa. An ba shi biro a hannun hagu, ya yi zane-zane ya yar. Na miƙa masa waya, haruffan suka yi wa idonsa ƙanƙanta, ya wurgo mini ita. Daga nan ya juya fuska bango, abinci ma sai an yi da gaske. Inna, matarsa, ta ce mini a zaure:

"Ɗana, mutumen ga ya gaji da mu. In ba a gane mi yaka so ba, tahiya za ya yi."

Ni gyaran waya nake yi a bakin titin Tsafe, kuma ina da taurin kai, kowa ya sani. Na sauko da kibod ɗin, na kaɗe masa ƙura, na hau mota da shi. Da na kwance shi sai na ga madannan lafiyarsu ƙalau, ƙaramin allon da ke karanta su ne kawai ya mutu. Na yi odar wata sabuwar ƙwaƙwalwa wadda ba ta wuce ɗan yatsa ba, direba ya taho mini da ita daga Kano. Aikin haƙuri ya biyo baya. Na riƙa bin wayoyin cikinsa da mitar gwada wuta ɗaya bayan ɗaya, ina danna madanni ina jiran ƙara, har na gane wace waya ke bi ta wane layi. Na cire tsohon allon, na liƙa sabuwar da dalma, na sa mata igiyar USB.

Abin da ya fi ba ni mamaki a lokacin shi ne manhajar da ake zuba wa ƙwaƙwalwar. Mutanen da ban sani ba, a ƙasashen da ba zan taɓa zuwa ba, sun rubuta ta sun ajiye kyauta, kowa ya ɗauka ya gaya wa kowane madanni abin da zai zama. Na ciro fedar tsohon injin keken ɗinkin Inna, na sa mata makunni a ciki, na haɗa ta da kibod ɗin. In ba a taka ba, gefen hagu na buga haruffansa, in an taka, ya koma buga sauran. Ke nan hannu ɗaya da ƙafa ɗaya sun isa.

Sai kuma wayona ya yi yawa. Na sake jera haruffan yadda na ga ya fi sauƙi, na tara waɗanda aka fi bugawa a tsakiya. Na kai masa Bunguɗu ina ta hura hanci, na haɗa da laftof ɗina, na ƙara girman rubutu. Kawu ya sa hannu a ramin, ya motsa yatsu, shirme ya fito. Ya sake, shirme ya sake fitowa. Ya ture kibod ɗin har ya kusa faɗuwa. Raina ya ɓaci sosai, har na fara naɗe igiya ina gunaguni.

Ya riƙe mini riga. Ya sa hannun hagu ya ɗago na dama da ke kwance a cinyarsa, ya haɗa tafi da tafi. Ya taɓa manuni da manuni, na tsakiya da na tsakiya, ƙarami da ƙarami, yana kallona. Sai da ya maimaita kafin na gane. Ba ya son sabon jeri. A bar wa hagu aikinta na da, in an taka feda kuma kowane yatsa ya karɓi aikin ɗan'uwansa na dama. A nan bakin tabarmarsa na gyara jerin, na sake zuba manhajar.

Kawu ya mayar da hannu cikin ramin, ya ɗora ƙafar hagu kan feda. Ya ɗan yi tuntuɓe a farko, ƙafar na makara. Sai ya rufe ido. Yatsun suka fara tafiya, ƙafar na sauka tana tashi, wannan ƙarar da na tashi da ita a shagon Gusau ta dawo, a hankali dai, amma ita ce. Hannun da bai taɓa buga waɗancan haruffa ba ya san inda suke. Ba wanda ya koya masa. Ni na liƙa waya da dalma, amma wancan ilimin ban san inda Allah ya adana shi a jikin mutum ba.

Inna ta shigo da kofin kunu, ta sunkuya daidai kunnensa kamar yadda duk muka saba, ta ɗaga murya:

"Malam! Ga kunu! Ka sha ko kaɗan!"

Ya buga wani abu, ya buɗe ido, ya nuna mini laftof ɗin da haɓa. Inna ba ta karatun boko, don haka ni na karanta mata:

"Ku bar yi man ihu. Kunnena lahiya lau. Kuma ban shan kunu da sukari, ke kin sani."

Inna ta tsaya da kofi a hannu. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta ce likita ne ya ce a riƙa lallaɓa shi ya ci, ita kuma ta rasa dabara. Yatsun suka sake motsi. Na karanta:

"Kawo na tsamiya. Yunwa nika ji."