Zangarniya Mai Jan Zare

Ranar Asabar ce, bayan an gama ɗaure dammunan gero an jera su a rumbu, shekarar da haƙorana na gaba suka sake fitowa. Waɗanda ke tsakar gidanmu da hantsin nan ba na mantawa da su. Akwai kakata ta wajen uba, Iya Tabawa, zaune a kan kifaffen turmi da faifai a cinyarta. Akwai mahaifina, tsaye bakin turken jaki yana gyaran igiyar da babu abin da ya same ta. Akwai Gwaggo Ladi, autar su Baba, wadda ita ce sarauniyar 'yan matan garin a shekarar, tana shafa man shanu a ƙafa. Akwai mahaifiyata, Inna, durƙushe gaban murhu hayaƙi na shigar mata ido. Sai ni, Hanne. Abin da ke cikin faifan Iya zangarniyoyin gero ne zaɓaɓɓu, masu cikar ƙwaya, tana miƙa wa kowa ɗaya, domin ranar ce ta kalankuwa, wasan da ake yi bayan kaka, kuma a garinmu, can gefen Miga, da zangarniya ake zaɓen kiɗa.

Ga yadda ake yi. Da la'asar kowane makaɗi zai shimfiɗa tabarmarsa a dandali ya kama sana'arsa, jama'a su yi ta zagayawa suna saurare, sannan kowa ya ajiye zangarniyarsa a gaban kiɗan da ya fi kwanta masa. Matan aure ba sa fita, su kan ba 'ya'yansu su kai musu. Wanda tulinsa ya fi tsayi shi ne gwanin shekara. Wanda ya sami ko da guda ɗaya ya zama baƙon gidan da ta fito, su za su ba shi tuwo da wurin kwana, ba mai taɓa shi. Amma wanda tabarmarsa ta tashi wayam, shi ake yi wa wankan ƙaiƙayi. Tun ana sussuka 'yan mata ke tara ƙaiƙayin gero a buhuna saboda haka, duk da yawanci a banza suke tarawa, don ba a rasa wata tsohuwa mai tausayi da za ta jefa wa na ƙarshe tata. Mu yara da muke sheƙa a masussuka mun san ƙaiƙayi. In ya shiga wuyan riga, kwana kake yi kana susa har fata ta yi jini.

Tun kafin ranar gari yake ɗaukar musu. A bakin rijiya, a gindin tsamiya, a wajen daka, ba zancen da ake yi sai na wane kiɗa ya fi wane. Manoma su ce kalangu kiɗan ƙudaje ne, inda mahauci yake nan yake. 'Ya'yan mahauta su rama da cewa gangar noma ta kurame ce, sai an dake ta kamar ɓarawo sannan ta yi magana. Samari su ce kiɗan ƙwarya wanke-wanke ne aka sa wa waƙa, tsofaffin mata su bi su da muciya. Mu kanmu a wajen gaɗa da carafke mun rabu gida-gida, 'yar masu ganga ba ta tafa wa 'yar masu kalangu. Amma a gidanmu ba a musu, domin Iya Tabawa ta riga ta jera su, kuma jerinta ba ya motsi. Takan ce, "Gangar noma ta ciyar da ku, kalangu ya aurar da ku, ƙwarya ta raka ku ɗaki, garaya ta kawo nama daga daji. Goge kuwa me ya taɓa kawowa in ban da iskoki da 'yan giya?" In ta zo kan goge sai ta tofar da yawu, kuma kullum wajen murhu take tofarwa.

Ba a ɓoye dalilin yake ba. Inna 'yar gidan masu goge ce daga ƙasar Haɗeja. Baba ya gan ta a kasuwa ya nace sai ita, Iya ta yarda da baki, ba ta taɓa yarda da zuciya ba. Iyayen Inna sun rasu tana ƙarama, wanta Isyaku ne ya raine ta da abin da gogensa ya samo, shi ya yi mata kayan ɗaki. Tun da aka kawo ta garinmu bai tako ba, saboda ya san yadda ake kallonsa. To a shekarar nan sai ga labari da hantsi cewa wani mai goge ya iso da ƙafa, ya sauka a gindin tsamiyar bakin gari, ya ce a sa shi cikin makaɗa. Kowa ya gane Isyaku ne, kuma ba gero ya kawo shi ba. Zangarniya ɗaya yake nema daga gidanmu, wadda za ta buɗe masa zaure ya shiga ya ga ƙanwarsa.

Inna ta karɓi tata daga hannun Iya da hannu biyu, ba ta ɗaga kai ba. Da azahar, ina dawowa daga kai wa awaki harawa, ta jawo ni ɗakinta. Ta zare jan zare daga bakin zanenta na aure, ta ɗaure a wuyan zangarniyar. Ta ce, "Wannan ta kawunki ce. Yana ganin zaren zai san daga ina ta fito. Ki ajiye ki ce masa in ji ni, Yaya, an dafa tuwo." Tawa kuwa Gwaggo Ladi ta riga ta karɓe tun da hantsi, ta ce ta kalangu ce ko ina so ko ba na so. Na soke ta Inna a cikin zane, na nufi zaure. Iya Tabawa tana can zaune, ta ci ado, ta ɗaura kallabinta na Sallah. Rabon da ta je kalankuwa tun kafin a haife ni. Ta dubi cikina ta ce, "Fito da ita, 'yar nema. Yau ni zan raka ki." Ta kama wuyan hannuna.

Dandali ya cika. Mamman mai gangar noma yana gabas, dukansa a ƙirji kake jinsa kafin kunne, samari na saran ƙasa da fartanya a gabansa. Masu kalangu suna kudu, 'yan mata sun yi da'ira ƙura na tashi. Tsofaffin mata sun kifa ƙore a ruwa suna kaɗawa, wani maharbi na gefe da garayarsa. Can ƙarshe, wajen da ake ɗaure jakunan 'yan kasuwa, nan aka ba Kawu Isyaku. Dogo ne siriri, rigarsa fara wankakkiya, goshinsa irin na Inna sak. Ban taɓa jin goge ba sai ranar. Murya ce kamar ta mace mai kuka a ɗaki ba ta so a ji. Ni mai kallo ce tun ina ƙarama, kuma na ga abin da na gani: mutanen da suka fi kowa zagin goge a bakin rijiya su ne suka fi daɗewa a kusa da shi, sun ba shi baya kamar suna kallon wani abu, kunnuwansu na wajensa. Na ga ƙafar Baba tana bin kiɗan a cikin ƙura. Da ya ga Iya sai ƙafar ta tsaya, ya je ya jefa tasa a tulin ganga ya bar dandalin.

Tuli ya yi ta tashi. Na ganga ya kai gwiwa, na kalangu ya bi masa, ƙwarya ta sami rabonta, har maharbin ya sami 'yan kaɗan. Tabarmar Kawu babu ko tsinke. Tsofaffin nan masu tausayi duk suna nan, amma ba wadda ta motsa, domin kowa ya bar wa gidanmu, kowa kuma yana so ya ga abin da Iya Tabawa za ta yi. Ba ta gajarta musu ba. Ta bi da ni ta gaban kowane makaɗi a hankali, sannan ta nufi wajen jakuna ta tsaya daidai bakin tabarmar. Kawu ya ga fuskata, ya ga jan zaren, sai gogen ya sauya murya. Ya yi murmushi ya kira sunan Inna na yarinta, ya ce, "Ke ce tata?" Iya ta ɗaga hannuna sama yadda duk dandali zai ga zangarniyar, ta bar shi ya ƙare mata kallo. Sannan ta ce, "Sannu da hanya, baƙo," ta juya da ni, ta kai ni gabas, ta matse wuyan hannuna har yatsuna suka buɗe a kan tulin Mamman. Ban taɓa ɗora wa kaina wannan ba. Na san hannun da ya yi.

Ihun da aka yi har awaki suka tsinke. Shekaru ana tara ƙaiƙayi ba a sami kai ba. Aka jawo buhuna, Gwaggo Ladi ta cika ƙwarya ta fari tunda ita ce sarauniya, ta juye masa a ka tana guɗa, sauran suka biyo. Bai gudu ba, bai kare fuska ba, gogen kawai ya rungume. Al'ada kuma ta ce wanda aka yi wa wanka sai ya yi kiɗan sallama kafin ya tashi. Ashe ƙaron da yake shafa wa tsagiyar gogen ya kama ƙaiƙayi ya daskare. Da ya goga sai ta yi ƙara irin ta ƙyauren da ya yi tsatsa. Ya share da bakin riga ya sake, ta sake yin haka. Wani saurayi ya ce jakunan ne suka koya masa, mutane suka riƙe ciki. Har tsofaffin nan masu tausayi na ga haƙoransu.

Kafin magariba ya zo ƙofar gidanmu, idanunsa jajur, wuyansa duk ya tashi. Ya yi sallama ya ce, "Iya, ruwa kawai zan sha, in gaisa da yarinyar nan ko ta bayan danga." Iya ta sa na ɗebo ruwa a sakainar kaji. Ta ce masa wanda ba shi da zangarniya ba shi da masauki, ba ita ta kafa dokar ba. Ya dubi sakainar, ya yi godiya, bai sha ba. Inna tana bayan dangar, tsakaninsu bai fi kamu ba, na ga yatsunta a jikin kara. Ba ta yi magana ba, domin ta san in ta yi, tare za su kama hanya, ni kuma a bar ni. Ba ta sake ganinsa ba har labarin rasuwarsa ya zo, ina budurwa.

Yanzu ina Dutse a gidan ɗana, ga fanka ga ruwan famfo. Kwanakin baya jikokina Ummi da Salma suka dawo daga wani bikin al'adu na ɗalibai a Kafin Hausa, tun daga cikin adaidaita suke musu har falo. Wannan ta ce nanaye ta tsofaffin amare ce, waccan ta ce gambarar zamani surutun marasa aikin yi ne, suka haɗu a kan cewa kiɗan na'ura ba kiɗa ba ne amma shi ya fi daɗin rawa. Suka tura min waya a hanci in ga wani yaro mawaƙi da aka jefe shi da ledojin ruwa har ya sauka, suna dariya suna maimaitawa. Na ce musu namu ƙaiƙayin ko ba komai ruwa yana wanke shi, kuma a dandali ɗaya yake tsayawa. Sai Ummi ta ce, "Tsohuwa, wallahi wani mai goge aka kawo, shi ya cinye bikin, har malamanmu sun miƙe. Ke jera mana naki mu ji." Na jera mata: gangar noma, kalangu, ƙwarya, garaya. Har gobe ganga ce a gaba, ba na canzawa don yara. Ina kewar dukanta a ƙirji, da ƙamshin sabon gero, da zamanin da mutum ke zaɓen kiɗa da abin da ya noma da hannunsa. Ta ce, "Gogen fa?" Na ce ta tashi ta zuba min ruwa a buta.

Washegarin kalankuwar nan, da na sauke tulun farko, ban koma rijiya ba. Na wuce zauren da Mamman mai ganga ya kwana, na same shi yana ɗaure geronsa. Na durƙusa na gaishe shi, na sa hannu cikin tulin ina tonawa har na ga jan zare. Ya dube ni ya ce, "Ɗauki, 'yata, da ma ba tawa ba ce." Na kawo wa Inna tana surfe. Ta tsayar da taɓarya, ta kwance zaren ta ƙulle a bakin zanenta, ta miƙo min zangarniyar ta ce in ba kaji. Na murje ta a tafin hannu, na watsa musu a gaban turmin Iya, na tsaya a kansu ina kallo. Ba su bar ko ƙwaya ɗaya ba.