Wurin Amsar da Kaka Ta Bari

A gidanmu na Omdurman, hira ba ta farawa sai an idar da sallar magariba an fito da kanun tsakar gida, wato murhun gawayin da ake dafa gahawa a kansa. Kaka Hawwa, mahaifiyar babanmu, takan zauna bakin gadonta na igiya, ta miƙe ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa, tana soya 'ya'yan gahawa har ƙamshi ya tsallaka katanga. Mu jikoki muna zube kan tabarma, kowa na ture ɗan'uwansa don ya fi kusa da wuta. 'Ya'yan maƙwabta Habboba suke ce mata da Larabci, kuma tana amsa musu. Mu kuwa in muka kuskura muka ce haka, sai ta kurumce da gangan har sai mun ce Kaka.

Tana da doka guda. Takan buɗe tatsuniya da cewa, "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Mu kuma mu ce, "Mu ne, ta zo mu ji ta." In mutum ɗaya ya yi shiru, ko barci ya ɗauke shi, ko yana fushi, to Kaka za ta ci gaba da fifita gawayinta kamar ba ta taɓa sanin wata tatsuniya ba a duniya. "Tatsuniya baƙuwa ce," in ji ta, "ba ta shiga gidan da ba a amsa mata sallama ba."

Ina ajin ƙarshe na firamare kunnenta ya fara nauyi da gaske, ba irin na gangan ɗin nan ba. Ƙaramin rediyon da take jin karatun Alƙur'ani da sashen Hausa a cikinsa ya daina yi mata amfani. Babanmu tela ne a kasuwa, kuma ɗan farinta ne, don haka akwai kunya mai ƙarfi tsakaninsu: ba ta faɗin sunansa, shi kuma ba ya doguwar magana a gabanta. Wata rana da la'asar ya shigo da kwali biyu da wani abokinsa mai shago ya ba shi ya kawo a gwada. Ɗaya babbar rakoda ce mai rediyo da kaset da lasifika biyu. Ɗayan ƙarama ce, tafin hannu ya ishe ta, tana da abin sawa a kunne da muke kira samma'a. Ya tsaya nesa ya ce mini, "Batula, ce wa tsohuwa ta zaɓa. Ƙaramar ta fi dacewa da kunnenta."

Na ɗaga mayafinta na sa mata samma'ar. Har yau ina ganin fuskarta. Idonta ya buɗe, leɓenta ya fara bin ayar da ake karantawa, ta daɗe ba ta ji sauti tas haka ba. Sai ta ɗaga kai ta dube mu. Muna ta magana muna dariya, ita kuwa bakinmu kawai take gani yana motsi. A hankali ta zare abin ta ajiye kan cinyarta. Da aka fito da kanun, sai ta buɗe tatsuniya.

Tatsuniyar ranar ta wani masunci ce da ya kama sarauniyar kifaye a Farin Nilu, ta roƙe shi ya sake ta, ya sake ta. Don godiya ta fito masa da ganga biyu daga ƙarƙashin ruwa. Babbar, in ta yi kiɗa duk gari zai ji. Ƙaramar ta fi ta zaƙi nesa ba kusa ba, amma sai wanda ya kara ta a kunne ne kaɗai ke jin ta. Masunci ya ce me zai sa ya raba daɗinsa da mutanen da ba su jiƙa da shi a ruwa ba, ya ɗauki ƙaramar. Kullum yana gindin bishiya da ganga a kunne, yana ƙyalƙyala dariya, yana taka rawa, har yara suka fara bin sa da jifa. Ran nan gangar ta sauya kiɗa, ta kaɗa masa na makoki, ta sanar da shi ɗan'uwansa ya rasu a wata ƙasa mai nisa. Ya zauna ƙofar gida yana kuka, yana jiran masu ta'aziyya. Ba wanda ya zo, domin ba wanda ya ji. Masu wucewa suka ce haukan ne ya juya.

Kaka ta tsiyaya gahawa ta ce, "Dariyar da ba a taya ka ba hauka ce, kukan da ba a taya ka ba kuwa ciwo ne." Sannan ta dube ni. "Je ki ce wa mai ɗinki ya mayar da ƙaramar."

Na ce, "Kaka, ai babbar rabi-rabi za ki riƙa ji."

"Sauran rabin zan gani a fuskarku."

Haka ta rayu da rabin ji har ƙarshenta. A ciwon ajalinta, wata safiya muna makaranta, ta sa babanmu ya danna mata rakodar ta ɗauki tatsuniyar masuncin. Su biyu ne kaɗai a ɗakin. Bayan rasuwarta kaset ɗin ya faɗo hannuna, na naɗe shi a tsumma na sa a ƙasan akwati, ya bi ni gidan aure a unguwar Sahafa. Rakodar kuwa ta daɗe da mutuwa.

Sai da 'yata Salma ta kai shekarun da nake da su wancan lokacin na shiga kasuwa neman wata. Zamani ya juya, yawancin na'urorin faifai kawai suke ci. Na zaga shaguna har na samu guda mai haɗe da komai, rediyo da faifai da gidan kaset, da lasifika biyu na katako, da ramin samma'a a gaba. Mai shagon dattijo ne ɗan unguwarmu ta da, ya gane ni da jin harshena. Ya nuna mini wata mai walƙiya da fitilu, na ce ba gidan biki zan buɗe ba, muryar mutum nake so ta fito kamar yana zaune a gabana. Ya ce to ta katakon ce tawa.

"Wannan ba sai kin zaɓa ba, ya hajja," in ji shi. "Kina son gida ya ji, ga lasifika. Kina son ke kaɗai, ga samma'a. Da kin soka ta a nan, shi ke nan, lasifika ta yi shiru."

Na yi murna, na ce a raina zaɓin da ya wahalar da Kaka ya ƙare. Ashe yana nan, ya koma hannuna ne kawai.

'Ya'yana da Larabci suka tashi. Hausarsu ba ta wuce gaisuwa da sunan abinci ba, kuma na taɓa jin Salma tana ce wa ƙawarta mamanta na yin rutana, kalmar da ake kiran duk yaren da ba Larabci ba, cikin raini. Na ji tsoron su ji muryar Kaka su yi dariya, ko su tashi su bar ta tana magana. Wannan ba zan iya ɗauka ba. Saboda haka ranar da na fara sa kaset ɗin, bayan la'asar, samma'a na soka.

Muryarta ta shigo kaina, ta tsufa, tana rawa. "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Sai shiru. Ina jin numfashin babanmu kusa da rakodar, kunya ta hana shi amsa wa uwarsa kamar ƙaramin yaro. Ta jira. Can ta ce, "To, na bar wurin amsa. Wanda ya ji wata rana, ya amsa." Ta sake yin shiru mai tsawo.

Ban san hawaye na zuba ba sai da na ga Salma tsaye bakin ƙofa. Ɗakin tsit, ba ta jin komai, uwarta kawai take gani tana kuka da waya a kunne. Kallon da ta yi mini na gane shi nan take, shi ne wanda masu wucewa suka yi wa masunci.

Na fizge samma'ar, na mayar da kaset baya, na danna. Muryar Kaka ta cika ɗakin har tsakar gida.

"Mama, di minu? Wace ce?" in ji Salma.

"Kakata ce. Amsa take jira, ba za ta ci gaba ba sai an amsa."

Na faɗa mata kalmomin. Ta maimaita su a karkace, da harshen da bai saba ba: "Mu ne, ta zo mu ji ta." Kaset ya ɗan ja iska. Sai Kaka, wadda ta rasu tun kafin a haifi yarinyar, ta ce, "To, madalla." Ta fara labarin masunci.

Da ina tsammani Kaka ta ƙi ƙaramar rakodar ne don taurin kai irin na tsofaffi. Yanzu na san ta auna abin da kyau, ta ga rabin ji a cikin mutane ya fi mata cikakken ji ita kaɗai, ta kuma biya kuɗin wannan zaɓi da kunnenta. Salma ba ta fahimci ko rabin tatsuniyar ba ranar. Ta dai zauna kusa da ni har ƙarshe, tana duban fuskata.