Cuta uku a jikin ɗana

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da na kori masu bincike daga ƙofar gidana ba. Ni masunci ne a bakin tafkin Madarumfa. A wata damina ɗana na fari ya kwanta da zazzaɓin sauro. Ya shanye magani tas, zazzaɓin ya sauka, amma yaro ya ƙi tashi. Tafin hannunsa fari fat, in ya je bakin zaure sai haki. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Ana haka sai ga ma'aikatan lafiya gida-gida da ƴan robobi, wai a ba su jini da fitsari da bayan gidan yara, su ƙidaya masu ɗauke da cuta fiye da ɗaya. Ni kuwa da saurin fushi, nan take na hau su.

"Ɗana na mutuwa, ku lissafi ya dame ku? Ku ba ni wuri!"

Sauran suka juya, amma shugabarsu, wata likita, ta tsaya.

"Malam, lissafin ne ya kawo mu bakin ruwa. Ƙauyukan da muka bi, yaran da ba su murmurewa bayan zazzaɓi, galibi akwai wata cuta tare. Fitsarinai da jini?"

"Wane yaro ne nan ba ya fitsari ja? Ni ma haka na tashi. Girma ne."

"Ba girma ba ne, jininai ne ke zuba."

Uwar yaron ba ta ko dube ni ba, ta miƙa hannu ta karɓi robobin.

Muna tsaye aka duba. Ga ragowar ƙwayar zazzaɓi, ga tsargiya mai sa fitsarin jini, ga tsutsar ciki, kowace na shan jininsa ta gefenta. Likitar ta ce kada mu bari ya kwana. Muka nemi mota sai asibitin Maradi, ina rungume da shi, ina ta kiran sunansa don kada ya yi shiru. Aka ƙara masa jini, Allah Ya tashe shi.

Har yau in na tuna bugun ƙirjin da na yi da fitsari ja, kunya nake ji. Na koyi cewa ciwo ba ya zama lafiya don kowa a gari yana da shi.