Karen da Aka Ɗaure a Inuwa

Sana'ata yanzu ita ce haɗa wa karnuka abin taɓa baki. In na faɗa mutane sukan yi dariya, ni ma in taya su. Ina yanka dankalin Hausa in busar, in gasa hantar shanu ba gishiri ba yaji, in ƙulla a leda in aika Hotoro da Tarauni, gidajen da kare ke da ɗakinsa da likitansa. Masu karnukan sun ɗauka a wata makaranta na koya. A gindin murhun kakata na koya, a unguwar Gyadi-Gyadi cikin Kano, kuma har yau ina jin kunyar abin da na saka mata da shi.

Mu 'yan kudancin Kaduna ne. Babana malamin makaranta ne, muna haya a gida mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya, maƙwabtanmu kusan duk Musulmi. Da kakanmu ya rasu aka ɗauko Kaka, mahaifiyar Baba, daga ƙauye, ta ce ba za ta hau mota ba sai da baƙin karenta Duna. Alhaji mai gidan ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya. Ranar da karen ya sa baki a butar wani, ko ya taka tabarmar sallah, ranar zai bar gidan. Ba mu ga laifinsa ba. Mun dai ba Duna sati guda a ranmu.

Shekara tara ya yi. Dabarar Kaka ita ce ba ta barinsa ba abin yi. Takan samo ƙashin ƙafar saniya mai rami, ta cusa masa dafaffiyar kabewa, ta ɓoye a lungun bayan ɗakinmu ƙarƙashin tsohon buhu. Busasshen dankali kuma ta warwatsa shi cikin itacen girki. Duna zai wuni yana shinshine-shinshine da tono, in ya samu ƙashin ya kwanta yana lasa har la'asar, buta ko a gabansa take bai san da ita ba. Ta fi kula da cikinsa a kan namu, mukan ce mata. Ranar da na jefa masa ƙashin kaza sai da ta buge mini hannu.

"Ke Rahila, kashe min shi za ki yi? Wannan tsagewa yake a ciki. Kuma kada in ƙara ganin kin zuba masa miya mai albasa."

Da yamma, in an sauke tuwo garwashi bai mutu ba, sai ta binne dankali a toka ta jawo kujerarta 'yar tsugunno. 'Ya'yan maƙwabta su zo bayan magariba su zauna ta gefen da babu kare, mu mu zauna ta gefensa. Kaka tana da nata salon buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga wata nan ta taso daga ƙauyenmu, a ƙafa ta zo." Mu ce, "Ta shigo ta huta." Hausarta ta ƙauye ce, 'yan Kano suna ƙunshe dariya, ita kuwa ko a jikinta.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wani maharbi ce da karensa. Tare suka tsufa a daji, tare suka sha ƙaya da rana. Da maharbin ya samu wadata sai ya dubi tabon da ke jikin karen, tausayi ya kama shi, ya ce daga yau ka gama wahala. Ya kafa turke a ƙarƙashin tsamiya inda inuwa ta fi sanyi, ya ɗaure shi, safe nama, yamma nama. In an fita farauta karen ya yi ta kuka yana jan igiya, maharbin ya shafa kansa ya ce huta abinka. Da kuka bai yi ba sai karen ya fara lasar ƙafarsa. Yau lasa, gobe lasa, har gashin ya zube, har wurin ya zama gyambo. Maharbin ya ƙara masa nama. Ranar da ya gane ya kwance igiyar, karen bai ko tashi ba. Ya dubi hanyar daji ya mayar da kansa ƙasa, bai ƙara kwana uku ba.

Ba ma son wannan tatsuniyar, babu waƙa a cikinta, babu abin dariya. Wani dare na ce mata maharbin mugu ne. Ta tono dankali, ta hura tokar, ta raba biyu ta jefa wa Duna rabi.

"Da mugu ne ai da sauƙi," in ji ta. "Son karen yake yi. To ta ƙare, a tashi a wanke ƙafa."

Shekaru suka wuce. Duna ya mutu, Baba ya rasu, Mama ta koma wajen danginta. Ni na yi aure na samu aikin ofis, muka kama gida a saman bene a Tarauni, na ce Kaka a wajena za ta zauna. Na yi alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba. A coci ana nuna ni ana cewa ga jikar kirki.

Likita ya ce jininta ya hau, ta huta. Na riƙe wannan magana kamar doka. Murhu babu, gas ne, kuma tana tsoronsa. Tsintsiya na ɓoye. Wanki inji ke yi. Saboda matakala, in za mu fita da safe sai in kulle ta ta waje kada ta faɗi. Ina barin mata abinci a kula, da gwanda yankakkiya, da talabijin a kunne. Babu abin da ta nema na ci da ban kawo ba, kuma duk wanda ya zo gaishe ta sai na lissafa masa.

A lokacin ne na fara wannan sana'a a ranakun Asabar. Wata Asabar Kaka ta zauna a bakin ƙofar kicin tana kallona ina yanka dankali da ɗan inji.

"Miƙo wuƙa in taya ki."

"Kaka, za ki yanke. Kuma masu saye sun fi son ya fito daidai wa daida."

Ina gama faɗar haka waya ta yi ƙara. Wata mata ce, karenta yana cinye mata takalma. A gaban Kaka na tsaya ina yi mata bayani, wai abinci kaɗai ba ya isar kare, wai ta ɓoye masa abu ya nema, wai kada ta bar shi shi kaɗai daga safe har yamma. Maganganun Kaka ne kaf, a bakina. Kaka ta saurara har na gama.

Sau ɗaya ta sake roƙo. Ina saka takalmi ta ce, "Rahila, ko wake ne ba ni in tsince." Na ce na leda ne, a tsince yake zuwa, ta huta abinta. Ta ce to. Na ja ƙofa na murza makulli.

Da daminar shekarar ta rasu, cikin barci. Kowa ya ce ta yi kyakkyawan ƙarshe a hannun mai kula. Bayan sati biyu ina share ɗakinta na jawo wani kwano daga ƙarƙashin gado. Shinkafa ce da wake a gauraye, an ware rabi, wake gefe ɗaya, shinkafa gefe ɗaya. Waken ya yi sumul yana ƙyalli, bawonsa ya soma sulɓewa saboda yawan taɓawa. Da hannunta take haɗa su in na fita, ta wuni tana warewa, gobe ta sake haɗawa. Ban san wata nawa ta yi tana haka ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ina yarinya na ɗauki maharbin nan wawa ne, ina mamakin yadda mutum zai ga gyambo ya ƙara nama. Yanzu ba na mamaki, haushin kaina nake ji. Har nakan ji ina neman masa uzuri, don shi ko ba komai, babu wanda ya taɓa zaunar da shi a gindin murhu ya ba shi labarin.