Abin da Gwaggo Ta Ɗora a Tebur na Shida

Gwaggona ba ta mantuwa. Ita ta rene ni, don haka na san abin da nake faɗa. Idan ka taka ta ba za ta ɗaga murya ba, za ta dube ka ta ce, "To, madalla," kai kuma ka tafi kana murna an wuce wurin. Wallahi ba a wuce ba.

Shekara ashirin da shida tana koyar da aji uku a firamaren da nake koyar da aji huɗu. Yara na kiranta Malama Gwangwani, domin kowa a layinmu ya san ba a yar da babban gwangwanin madara sai an tambaye ta. Za ta wanke shi, ta huda gindinsa da ƙusa, ta rubuta sunan yaro a jiki.

Kowane ɗalibi ƙwayar wake ɗaya take ba shi. Da farko a sa ta a kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga, don su ga saiwa ta fasa ta nufi ƙasa. Bayan kwana biyar a mayar gwangwani. Duk Litinin su auna tsawon shukar da zare, su liƙa zaren a littafi, su yi ta rigima kan na wa ya riga fure. Amma a wurin Gwaggo duk wannan somin-taɓi ne. Darasin yana ranar da kwanso ya bushe ƙamas, yaro ya fasa da hannunsa ya ga abin da ya shuka ya dawo masa da yawa. Sai kowa ya zuba nasa a kwalbar da ke kan taga, don 'yan aji uku na baɗi.

Waken nan tsatson na shekararta ta farko ne, ba ta taɓa sayen iri ba. Akwai yaran da iyayensu ne suka shuka kakannin waken da ke gwangwaninsu. Kuskurenta ɗaya: ranar shuka takan dafa wa yara ragowar, wai su san abin da ake shukawa shi ake ci. Saboda haka daga shuka zuwa girbi, kwalbar wayam take.

Sai aka kawo mana sabon hedimasta. Mutum ne da ba ya zama sai ya goge kujera da hankici, har yara suka sa masa Tsaf-tsaf. Wata Juma'a ya ji labarin baƙi za su zo daga ofishin ilimi. A lokacin shukar ta kai matakin da ta fi muni a ido, ganye ya yi rawaya, kwanso ya fara bushewa. Gwaggo ta je asibiti duba idonta, ta dawo bayan ƙarfe tara ta tarar da hayaƙi a bayan makewayi. Tsaf-tsaf ya sa mai gadi ya juye gwangwanaye arba'in ya cinna wuta.

A ƙofar aji ya tare ta, yara na tsaye cirko-cirko.

"Malama, aji ne wannan ko juji? Na sa an ƙone sharar."

"Ranka ya daɗe, saura mako ɗaya mu girbe."

"Ki girbe me? Matacciyar ciyawa?"

Gwaggo ta dube shi ta ce, "To, madalla."

Ni kam har na tuɓe takalmi ɗaya, ta riƙe mini hannu. Ta je ta durƙusa ta kwashi tokar a gwangwani, ta rufe da murfi. A gida ta yi kuka, abin da ban taɓa gani ba. Da ta share ido ta ce, "A gaban yarana ya kira shi shara. A gabansu zai janye."

Shekara ta zagayo, ta sayo wake a kasuwa tana ɓata rai. Ba a jima ba takarda ta zo, za a zo duba yadda makarantu ke koyar da yara da aikin hannu. Tsaf-tsaf ya duba bai da abin nunawa sai daɓe mai sheƙi. Sai ga shi a ajin Gwaggo yana washe baki.

"Malama babba! Ai wannan fagenki ne, a fitar da mu kunya."

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Gwaggo, har da 'yar dariya. A nan ni na fara ji masa tsoro.

Ta riƙa shuka rukuni-rukuni, mako biyu tsakani, yadda ranar kowane mataki zai samu. Sannan ta ce in ara mata 'yan ajina, wato yaranta na bara, su yi bayani. Ba ta ɗora musu ko kalma ɗaya a baki ba. Cewa kawai ta yi kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Ranar ta zo. Tebur shida a jere: iri, tsiro a kwalba, ganye, fure, busasshen kwanso, na shida kuma gwangwani a rufe. Jami'ar da ta zo dattijuwa ce mai tabarau, tana bi tebur-tebur tana tambaya. Hedimasta na biye da ita yana gyaɗa kai, yana cewa, "Mu nan haka muke, komai a aikace."

A tebur na biyar wata yarinya mai wushirya ta girgiza kwanso aka ji ƙararsa.

Jami'ar ta ce, "Madalla, 'yata. Idan ya bushe haka, sai me?"

"Sai hedimasta ya sa a ƙone."

Jami'ar ta sauke tabarau ta ce, "Wa ya koya miki haka?"

"Ba wanda ya koya mini, da idona na gani. Nawa ma kwanso huɗu ya yi."

Yaran baya suka ɗauka, "Nawa shida!" "Nawa uku!" Gwaggo ta taka a hankali zuwa tebur na shida ta buɗe murfin. Tokar na nan yadda ta kwashe ta.

"Ranki ya daɗe, waken shekara ashirin da shida ke nan. 'Yan ajin nan ba su ga ƙarshen darasinsu ba. Ko hedimasta zai ƙarasa musu?"

Ta miƙa masa kwanso ɗaya. Gumi ya karyo masa, ya laluba aljihu, yau hankicin ma ya ƙi samuwa. Jami'ar na kallonsa, yara arba'in na kallonsa. Ya fasa, ƙwaya tara suka gangaro tafin hannunsa.

Gwaggo ta ce, "Yallaɓai, shara ce?"

"Ba shara ba ce. Iri ne."

"Na baya ba su ji ba."

Ya maimaita da ƙarfi. Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji ranar har yau ban ji irinsa ba.

A hanyar gida na ce, "Gwaggo, yanzu dai kin huce?"

"Ya janye maganarsa," ta ce. "Wakena bai dawo ba."

Sabon girbin a wata kwalba dabam ta zuba shi, wai waken kasuwa ne, bai san hannun kowa ba tukuna. Tsohuwar kwalbar kuwa ta juye tokar a ciki, ta mayar da ita kan tagar da ke kallon ofishinsa. Kullum da safe ta nan yake wucewa, kuma shi ke fara gaishe ta. Takan ɗago kai daga kan gwangwanayenta ta ce, "To, madalla."