Mai Gyare da Gurasar Gidanmu

Kowace safiya, da zarar an kora tumaki kiwo, Kabdesh-aga (aga shi ne yadda muke kiran babba don girmamawa) zai ɗaura wa dokinsa sirdi, ya rataya 'yar na'urarsa a wuya, ya bi ƙauyenmu gida-gida. Na'urar auna gubar nukiliya ce. Idan ta kusanci abin da gubar ta taɓa sai ta kama kuka kamar gyare. Shi ya sa muke ce masa Mai Gyare, kuma don ba'a muka sa masa sunan.

Shekara talatin yana wannan aiki. Tun da aka rufe Filin Gwaji, inda aka yi shekara arba'in ana fasa bama-baman nukiliya, mutanenmu suka riƙa shiga suna kwaso ƙarafan da sojoji suka bari. Wani ya yi ƙofar garke da su. Mahaifina, Sagat, murhu ya ƙera mana, mai kauri, mai riƙe zafi.

Ina shekara tara ranar da Kabdesh-aga ya shigo gidanmu. A wajenmu baƙo ba ya fita sai ya gutsuri gurasar gida, komai saurinsa. Mahaifiyata ta ciro ta daga murhu da zafinta. Bai kai ga zama ba gyaren ya fara kuka.

"Kashe ƙwaron nan ka ci abinci, aga," in ji mahaifina yana dariya. "Ko shi ma a zuba masa shayi?"

"Sagat, ina ka samo ƙarfen nan?"

"Inda kowa ke samowa mana. Bismillah."

"Ba zan ci ba. Yarinyar nan ma kada ta ƙara kwana kusa da shi."

Fuskar mahaifina ta sauya. "Ko maƙiyi ba ya ƙin gurasata. Ga ƙofa nan."

Washegari, ana tsakiyar dusar ƙanƙara, sai ga Kabdesh-aga da keken doki, ya ɗauko murhun gidansa ya sauke a ƙofarmu. Shi da matarsa suka koma ɗaki ɗaya a gidan wanta har sanyi ya wuce. Kwana goma sha tara murhun yana waje, mahaifina yana ratsa shi ya wuce. Ranar da ya tafi kasuwa, mahaifiyata ta kira maƙwabta suka shigo da shi. Kabdesh-aga ya ɗauke namu ya mayar da shi can cikin Filin ya binne.

Mahaifina bai ƙara gaishe shi ba har ciwon dajin maƙogwaro ya yi ajalinsa. Kabdesh-aga yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin.

Aga, kai ne wanda ya yarda a kira shi marar ladabi don 'ya'yan wasu su rayu. Kai ne kake shiga mota zuwa birnin Semey duk ƙarshen watan Agusta, ka tsaya a taron masu neman a hana makaman nan, ka karanto sunayen mamatanmu ɗaya bayan ɗaya. An gaya mini sunan mahaifina yana ciki, kuma ba ka taɓa tsallake shi ba. Mu kuwa muna bayanka muna kwaikwayon kukan gyare. Ni ban yi ba, amma shekara goma sha takwas ina haɗuwa da kai a hanya ina sunkuyar da kai, na kasa cewa na gode.

Makon jiya ya ajiye aikin, don idonsa ya daina ganin lambobin na'urar, a daidai lokacin da rediyo ke ta kawo labarin manyan ƙasashe suna yi wa juna barazana da makaman nan. Ya yanka rago ya gayyaci ƙauye don a sami mai karɓar na'urar. Mutum shida suka je, kuma ba wanda ya karɓa.

Na gasa gurasa a murhun da ya ba mu na kai masa.

"'Yar Sagat ce? Bari mu ji ra'ayin ƙwaro tukun," ya ce, ya kara mata na'urar. Shiru. Ya gutsura ya daɗe yana taunawa. "Ta ɗan ƙone, 'yata."

"Aga, aji huɗu na tsaya, amma na iya karanta lamba."

Ya cire igiyar na'urar daga wuyansa ya rataya mini.

Mun gode, Kabdesh-aga, ka yafe mana jinkirin. Ku kuma 'yan ƙauyenmu, yana nan da ransa, ku je ku gaishe shi tun yana jin sallama. Aikin gyaren kwana bakwai ne a mako, ni kaɗai ba zan iya ba, mai hali ya karɓi rana ɗaya. Ranar Litinin zan fara da unguwar gabas. In ya yi kuka a gidanku, don Allah kada ku nuna mini ƙofa.